Sarrafa Kirtanin Haruffa a Harsunan Kwamfuta Masu Aiki da Fankishin

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe da ya kai matakin rubuta kundin kammala digiri ya san wahalar ƙirga kalmomi da hannu. A ce an ba mutum labari mai shafi 80, aka ce ya fitar da duk kalmomin da suka fara da ɗafa-goshin ma-, ko ya faɗi sau nawa marubucin ya yi amfani da kalmar "amma". Aiki ne na kwanaki, kuma da wuya a gama shi ba a tsallake wasu ba. Kwamfuta tana iya yin sa kafin a ƙifta ido, amma sai an gaya mata yadda za ta yi. Idan kuwa wanda ya gaya mata bai san Hausa ba, tana iya mayar da 'ya'ya su koma yaya, ta kuma miƙo sakamakon ba tare da wani gargaɗi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai hanyoyin farko na sarrafa rubutu a wani rukuni na harsunan kwamfuta, wato masu aiki da fankishin. Na zaɓi harshen Haskell domin kawo misalai, saboda umarninsa gajere ne, kuma tsarinsa ya yi kusa da yadda muke rubuta dokokin ƙirar kalma a aji. Sunayen umarnin na Turanci ne, zan bar su yadda ake buga su, tunda da su kaɗai kwamfuta take gane abin da ake nufi.

2.0 Ma'anar Kirtani da Fankishin

A fagen shirya manhaja, kirtani shi ne haruffa da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kamar duwatsun wuya a jikin zare. Kalma ɗaya kirtani ce, jimla kirtani ce, littafi sukutum ma kirtani ne mai tsawo. Tazarar da ke tsakanin kalmomi da aya da waƙafi duk ana lissafa su cikin haruffan. A Haskell ana sa kirtani tsakanin alamomin zance, kamar "gida", kuma harshen yana ɗaukar sa a matsayin jeri mai abubuwa 4: g, i, d, a.

Shi kuwa fankishin, kalma ce da aka aro daga ilimin lissafi. Ana iya kwatanta shi da injin niƙa: a zuba masa hatsi, ya fito da gari. Sai dai ya bambanta da injin niƙa ta fuska biyu. Ta farko, ba ya taɓa abin da aka ba shi. Idan aka ba shi "gida" aka ce ya ƙara masa harafi, sabon kirtani zai samar, na asalin yana nan yadda yake. Ta biyu, duk lokacin da aka ba shi abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai bayar, ko yau ko baɗi. Waɗannan halaye biyu suna da amfani ga mai bincike, domin matanin da yake nazari ba zai lalace ba, kuma duk wanda ya maimaita aikin zai sami sakamakon da ya samu.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen waɗannan harsuna shi ne lissafin lamda, wanda Alonzo Church ya ƙirƙiro a Jami'ar Princeton ta Amurka a shekarun 1930, tun kafin a ƙera kwamfuta irin wadda muka sani. A 1958 John McCarthy ya fara aikin harshen Lisp a cibiyar MIT, harshen da ya ɗauki jeri a matsayin ginshiƙinsa. A farkon shekarun 1970 Robin Milner da abokan aikinsa suka samar da ML a Jami'ar Edinbara, kuma daga zuriyarsa ne OCaml ya fito. A 1986 aka fara Erlang a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin domin na'urorin tarho, kuma da shi aka gina injinan da ke isar da saƙonnin WhatsApp.

A 1987, a wani taro da aka yi a birnin Portland na Amurka, masana suka amince a kafa kwamiti da zai tsara harshe guda na bai-ɗaya. Rahoton farko ya fito a 1990, aka sa wa harshen sunan masanin mantiƙi Haskell Curry. Misalin abin da aka yi da shi wanda ya shafi rubutu kai tsaye shi ne manhajar Pandoc, mai juya takarda daga wani tsari zuwa wani. John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi ya fara fitar da ita a 2006. Wannan ya nuna ba sai injiniya ne kaɗai ke iya shiga fagen ba.

4.0 Aunawa, Yankawa da Haɗawa

Abu na farko shi ne sanin tsawon kirtani. Fankishin ɗin da ke wannan aiki shi ne length:

length "makaranta" zai ba da 9

Na biyu shi ne yanka. Akwai take, wanda ke ɗebo adadin haruffan da aka ambata daga farko, da drop, wanda ke zubar da su ya bar sauran:

take 2 "makaranta" zai ba da "ma"
drop 2 "makaranta" zai ba da "karanta"

Mai karatu zai lura cewa da waɗannan layuka biyu mun raba ɗafa-goshi da aikatau ɗin da aka gina kalmar a kansa. Akwai kuma wasu huɗu masu kama da su. Idan aka ba head kalmar "gida" zai ɗauko g, tail ya ba da "ida", last ya ɗauko a, init kuma ya ba da "gid", wato komai ban da harafin ƙarshe.

Na uku shi ne haɗawa, kuma alamarta ita ce ++ :

"gida" ++ "n" zai ba da "gidan"

Da ita za mu iya rubuta dokar cikakken ninki a layi ɗaya:

ninka k = k ++ "-" ++ k

Ma'anar layin ita ce, ninka kowace kalma k shi ne a kawo ta, a sa karan ɗori, a sake kawo ta. Saboda haka ninka "iri" zai ba da "iri-iri", ninka "maza" ya ba da "maza-maza". Idan gaɓoɓi ne a jere ake son haɗewa, concat zai karɓi ["ma","ka","ran","ta"] ya mayar da su "makaranta".

Na huɗu shi ne juyawa. Idan aka ba reverse kalmar "kifi" zai ba da "ifik". Kalmar da ba ta canzawa in an juya ta, irin su "uku" da "ana", ana gano ta ne ta hanyar kwatanta ta da juyayyarta.

5.0 Bi-ɗaya-ɗaya da Tacewa

A nan ne waɗannan harsuna suka yi fice, domin a cikinsu ana iya miƙa wa fankishin wani fankishin ya yi aiki da shi. Shi map yana karɓar fankishin da jeri, sai ya bi abubuwan jerin ɗaya bayan ɗaya yana yi musu aikin. Alal misali, toUpper yana mayar da ƙaramin harafi babba, saboda haka:

map toUpper "ƙasa" zai ba da "ƘASA"

Shi kuma filter rariya ce. Ana ba shi sharaɗi, ya bar abin da ya cika sharaɗin, ya zubar da sauran. Bari mu rubuta sharaɗin zama wasali:

wasali h = elem h "aeiou"

Wato h wasali ne idan yana cikin waɗannan biyar. To, filter wasali "makaranta" zai ba da "aaaa", tsawonsa kuma 4 ne, daidai da yawan gaɓoɓin kalmar: ma-ka-ran-ta. Ke nan mun sami hanyar ƙirga gaɓa, tunda kowace gaɓa ta Hausa tana da wasali a tsakiyarta. Amma dabarar tana da iyaka. Kalmar "aiki" haruffan wasalinta 3 ne alhali gaɓoɓinta 2, haka ma "sauro", saboda tagwayen wasula ai da au. Dole a ƙara doka da za ta ɗauke su a matsayin abu guda kafin a yarda da lissafin.

Domin aiki da jimla akwai words, wanda ke yanka kirtani a duk inda ya ga tazara, da unwords mai mayar da kalmomin jimla:

words "yara sun tafi makaranta" zai ba da ["yara","sun","tafi","makaranta"]

Ana iya ɗaura fankishin a jikin wani da alamar ɗigo, kuma ana karanta su ne daga dama zuwa hagu. Layin length . words yana nufin a fara yankawa, sannan a ƙirga, jimlar da ke sama kuma za ta ba da 4. Idan ɗafa-goshi ake nema, isPrefixOf "ma" shi ne sharaɗin, a miƙa shi ga filter. Zai kamo makaranta da manomi da maƙera, amma zai haɗa da mace da mage da magana, waɗanda ma ɗinsu ba ɗafi ba ne. Kwamfuta ta rage aikin, tantancewa ta ƙarshe kuwa ta ɗalibi ce.

Ƙirga yawan maimaituwar kalma ma haɗin ƙananan matakai ne. A ɗauki "ruwa ya zo ya tafi". Bayan words, sai sort ya jera kalmomin: ruwa, tafi, ya, ya, zo. Sai group ya tara masu kama da juna da ke maƙwabtaka, sannan map length ya ƙirga kowane tari, a ga "ya" ta zo sau 2. Wajibi ne a fara mayar da haruffa duka ƙanana da toLower, in ba haka ba za a ƙirga "Ya" daban da "ya".

6.0 Fankishin Mai Kiran Kansa

Mai karatu yana iya tambaya, ta yaya length ɗin kansa yake aiki? Amsar ita ce, ana warware babban aiki ta hanyar mayar da shi ƙaramin aiki irinsa. Ga namu da sunan Hausa:

tsawo [] = 0
tsawo (h:saura) = 1 + tsawo saura

Layin farko yana cewa kirtanin da ba komai a cikinsa tsawonsa sifiri ne. Na biyu yana cewa kirtanin da ke da harafin farko h da saura, tsawonsa shi ne ɗaya a tara da tsawon sauran. Idan aka ba shi "ido", zai ce 1 a tara da tsawon "do", shi kuma 1 a tara da tsawon "o", shi kuma 1 a tara da tsawon wayam, wato 0. Jimilla 3. Layin farko shi ne birki, domin in babu shi aikin zai ƙare da kuskure a lokacin da haruffan suka ƙare.

7.0 Gwaji da Jam'in Hausa

Yanzu bari mu gwada abin da muka koya a kan wani ajin jam'i da kowa ya sani, wato irin na taga da tagogi. Dokarsa ita ce a cire wasalin ƙarshe, a sa o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i:

jam'i k = tushe ++ "o" ++ [last tushe] ++ "i" where tushe = init k

Da wannan layi "taga" ta ba da "tagogi", "ƙofa" ta ba da "ƙofofi", "hanya" ta ba da "hanyoyi", "fuska" ta ba da "fuskoki", "dabba" ta ba da "dabbobi". Amma idan aka ba shi "mota" sai ya ce "mototi", idan aka ba shi "tasha" ya ce "tashohi". Dalilan biyu ne mabambanta. A kalmar farko, ganɗantawa ce ba a gaya wa kwamfuta ba, wato t takan koma c a gaban i ko e, shi ya sa ake cewa motoci. A ta biyu kuwa, sh sauti ɗaya ne da ake rubutawa da haruffa biyu, ita kuma kwamfuta h kawai ta gani a ƙarshe.

Maganin matsala ta biyu shi ne a rarraba kalma zuwa baƙaƙe da wasulan Hausa kafin a yi mata komai:

rarraba ('s':'h':r) = "sh" : rarraba r
rarraba ('t':'s':r) = "ts" : rarraba r
rarraba (h:r) = [h] : rarraba r
rarraba [] = []

Ana gwada layukan ne daga sama zuwa ƙasa, don haka dokokin musamman suke zuwa kafin ta gama-gari. Yanzu rarraba "tasha" zai ba da ["t","a","sh","a"], baƙin ƙarshe ya zama sh, jam'in ya fito tashoshi. Haka za a ƙara layuka domin ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw da sauransu.

Akwai kuma abin da haruffa kaɗai ba za su taɓa nunawa ba. Muna cewa motar malam amma gidan malam, alhali mota da gida duk da a suka ƙare. Jinsin kalma ne ya raba su, kuma sai an tanadar wa manhajar jerin kalmomi da jinsinsu.

8.0 Haruffa Masu Ƙugiya da Hamza

Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kawai gare shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ a ciki. Tsarin Unicode, wanda kundinsa na farko ya fito a 1991, shi ya ba su gurbi: ƙ lambarta 409, ɓ 595, ɗ 599, alhali a tana da 97, z kuma 122. Wannan yana haifar da abubuwa huɗu da ya kamata a kiyaye.

Na ɗaya, sort da lamba yake jerawa. Idan aka ba shi ƙasa, zane da kifi, zai kawo kifi, zane, sannan ƙasa, domin 409 ta fi 122. Mai shirya ƙamus sai ya rubuta nasa jerin abacada ya sa a bi shi.

Na biyu, tsawon kalma yana bambanta daga harshe zuwa harshe. A tsarin ajiya na UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin a yana cin bayit 1, ƙ kuma bayit 2. Haskell haruffa yake ƙirgawa, don haka "ƙasa" 4 ce a wurinsa. String.length na OCaml bayit yake ƙirgawa, zai ce 5. Wanda ya yanka kalma da lissafin bayit yana iya raba ƙ biyu, ta zama shara a allo. Haka kuma idan GHCi, wato dandalin gwajin Haskell, ya nuna "\409asa" a maimakon "ƙasa", kalmar ba ta lalace ba, a yi amfani da putStrLn za ta fito daidai.

Na uku shi ne hamza, kuma a ganina ita ce mafi haɗari. Hanyar da aka saba bi wajen share aya da waƙafi ita ce filter isAlpha, wato a bar haruffa zalla. Amma alamar da muke bugawa a 'ya'ya da jami'a da ma'ana, a wurin kwamfuta alamar rubutu ce kamar waƙafi. Sakamakon shi ne 'ya'ya su koma yaya, ma'ana ta koma maana, ƙididdigar binciken ta gurɓace. Bugu da ƙari, alamar kanta iri uku ce a ƙalla: miƙaƙƙiya mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217 wadda manhajojin buga takarda kan sa da kansu, da mai lamba 700 wadda Unicode ya lissafa cikin haruffa. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta kuwa jami'a uku ce daban-daban. A Jamhuriyar Nijar kuma ƴ ake rubutawa a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Saboda haka matakin farko shi ne a yi amfani da map a mayar da su duka iri ɗaya, sannan a sa hamza da karan ɗori cikin abubuwan da rariya za ta bari.

Na huɗu, alamar karin sauti. Ana iya ajiye à a matsayin harafi guda, ko a matsayin a da alama mai hawa kanta, wato abubuwa 2. A hali na biyu length zai ƙirga 2, reverse kuma zai ɗora alamar a kan wani harafi. Abokan karatunmu na sashen Yarbanci sun fi mu fuskantar wannan, domin ọ mai ɗauke da karin sama ba shi da lamba guda a Unicode, sai an haɗa.

9.0 Idan Matanin Ya Yi Yawa

Kirtanin Haskell na asali yana da sauƙin koyo amma yana da nauyi, saboda kowane harafi a ɗaure yake da na gabansa. Kafin a kai ga harafi na 1000 sai an bi ta kan 999, kuma ++ sai ya bi kirtanin hagu gaba ɗaya kafin ya liƙa na dama. Domin babban aiki ana amfani da Data.Text, wanda ke ajiye haruffan a dunƙule, kuma tun daga fitowarsa ta 2.0 a 2021 da UTF-8 yake ajiya. Sunayen fankishin ɗin kusan duk ɗaya ne, don haka abin da aka koya a nan bai faɗi ƙasa banza ba. Har ila yau map da filter suna nan a Python da JavaScript, kuma a cikinsu ma ba a canza kirtani, sabo ake samarwa.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala na kawo ma'anar kirtani da fankishin, da tarihin harsunan a taƙaice, sannan hanyoyin aunawa, yankawa, haɗawa, juyawa, tacewa da kiran kai. An ga cewa kurakuran da suka fito, daga "mototi" zuwa "yaya", duk na rashin sanin Hausa ne, kuma ɗalibin da ya yi darasin tsarin sauti da ƙirar kalma shi zai fara gano su. Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya sauke GHC, wanda kyauta ne, ya buɗe GHCi, ya buga misalan sashe na 4.0 da hannunsa. Bayan haka ya ɗauki sunaye 20 masu jam'i irin na tagogi ya gwada su da dokar sashe na 7.0, ya rubuta waɗanda suka ƙi, ya nemo dalilin ƙin kowannensu a littafinsa na nahawu.